Gwangwanin da ya cinye mana kuɗin wata huɗu

A zamanmu na ƙarshen wata, wani dattijo daga cikinmu ya miƙe ya yi tambayar da tun tuni ya kamata a yi mana: yaya aka yi gyaran esin motar ƙungiya ya lashe karo-karon wata huɗu cur, alhali da farko an ce abu ne na 'yan dubbai? Ma'aji ya karanto alƙaluma, amma dattijo bai gamsu ba, kuma da gaskiyarsa. Lokaci ya ƙure, muka yi alkawarin za mu rubuta bayani a nan. To ga shi. Tun kafin mu yi nisa, a sani cewa laifin ba na direba ba ne, ba na ma'aji ba ne. Mu ne muka sa hannu a takardar fitar da kuɗin.

Ga waɗanda ke nesa da gida ba su san motar ba: bas ce 'yar Kwatano mai kujera 14, da esi gaba da baya. Ita ke kai mu ɗaurin aure Zonkwa, ta kai mu ta'aziyya Kachia ko Kwoi. Amma abin da ya sa muka haɗa kuɗi muka saye ta shi ne ɗaukar marasa lafiya zuwa Jos ko Kaduna idan an tura su can. Shi ya sa ba ma kallon esinta a matsayin kayan ado. Duk wanda ya taɓa rakiyar mara lafiya a watan Maris, gilashi a buɗe, iska mai zafi da ƙura na dukan fuskarsa, ya san abin da muke nufi.

A cikin hunturun bara sanyin ya fara ja da baya. Direba ya kai ta aka ƙara gas, ta yi mako uku tana sanyi, ta koma gidan jiya. Aka sake ƙarawa. Aka kuma. Sau uku muna biya, ba wanda ya ce uffan a cikinmu, domin a tunaninmu gas ɗin esi kamar fetur yake, ana amfani da shi yana ƙarewa. Ashe ba haka ba ne. Gas ɗin zagaye yake yi a cikin bututun da ke rufe ruf. Kwamfiresa ta matse shi ya yi zafi, ya bi ta kondensa da ke gaban lagireto ya huce ya zama ruwa, ya ratsa ta diraya da ke tsotse masa danshi, sannan ya kutsa ta wani bawul mai 'yar ƙofa kamar kafar allura. Yana fitowa ta nan sai ya buɗe ya yi sanyi ƙarara a cikin akwatin da ke bayan dashbod, fanka ta huro mana sanyin, shi kuma ya koma wurin kwamfiresa a sake zagaye. Ba a ƙona shi, ba a shanye shi. Idan ya ƙare cikin mako uku, to wani wuri ne ke yoyo.

Wanda ya fara gaya mana haka wani tsohon mai gyaran esi ne a nan cikin gari. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya shafo wani bututu, ya nuna mana yatsansa da baƙin maiƙo. Ya ce, "Sakatare, ka ga wannan? Mai ne, tare da gas yake yawo a ciki. Inda ka ga maiƙo ya kama ƙura, to nan gas yake fita. Ku bar mini ita kwana biyu in bi bututun bayan nan ɗaya bayan ɗaya." Ya faɗi kuɗinsa. Muka ce, "To, Baba, bari mu yi shawara."

Ba mu yi shawarar ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, asusun ƙungiya bai sake numfasawa ba, kuma kuɗin da Baba ya faɗa ya haura abin da sakatare ke iya fitarwa ba tare da kwamiti ya zauna ba. Ana cikin haka direba ya zo da labarin wani gwangwani da ya gani a shagon kayan mota. An ce masa daga waje ya zo, ana ɗura shi ta inda ake ɗura gas, shi da kansa zai bi bututu ya nemo inda ke yoyo ya liƙe. Ba kwance-kwance, ba kwana biyu. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Baba ya nema ba, wato yana cikin abin da za mu iya sa wa hannu mu kaɗai. In za mu faɗi gaskiya, wannan ne ya fi jan hankalinmu fiye da arahar. Kiran taron kwamiti a tsakiyar wata aiki ne, a yi ta buga waya, wannan ya ce yana gona, wancan ya ce yana Abuja. Gwangwani kuwa sa hannu ɗaya ne.

Aka ɗura, aka cika gas, mota ta yi sanyi kamar randa. Mako ɗaya, biyu, har biyar. Har mun tsaya a gaban zama mun ce mun ceto wa ƙungiya kuɗi, aka tafa mana. Yana nan a rubuce cikin littafin zama, da hannunmu.

A watan Afrilu aka sallami mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan uwanmu daga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan an yi mata aiki a ciki. Motar ta je ɗauko ta, mu ma muna ciki. Jos tudu ne, ko da rana ba a cika damuwa da esi ba, don haka ba mu lura da komai ba sai da muka gangaro Hawan Kibo. Kun san yadda zafi ke tarbar mutum da zarar ya sauko daga tudun nan. Muna wuce Forest sai iskar da ke fitowa ta fara ɗumi. Kafin Gidan Waya muka ji wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sai ƙaurin roba. Direba ya yi maza ya kashe esin ya tsaya gefen hanya. Kwamfiresa ta ƙame, bel na gogarta yana hayaƙi. Allah ya sa da ya kashe esin bel ɗin ya ci gaba da juyawa, ba don haka ba da can za mu yini.

Muka ƙarasa Kafanchan da gilashi a buɗe. Tsohuwar na kwance a kujerar tsakiya, 'yarta na yi mata fifita da katin asibiti, tana jiƙa ɗankwali da ruwan leda tana shafa mata a goshi. Duk ramin da muka faɗa sai ta ɗan yi nishi. Ba ta ce komai ba. Da muka isa gida muna taimakawa a sauko da ita, sai ta ce mana, "Sannu, ɗan nan, kun sha wahala saboda ni." Ba mu iya amsa mata da kyau ba. Ta warke sarai, mun je mun gaishe ta da salla. Amma tafiyar nan ba ta fita daga ranmu ba.

Muka koma wurin Baba da kunya. Bai ce mana "ai na gaya muku" ba, ya dai kwance bawul ɗin gaba ya miƙo mana. 'Yar ƙofar nan ta toshe da wani abu mai tauri, kamar busasshen ƙaro. Na baya ma haka.

Ga yadda ya warware mana, kuma daga baya mun karanta rubutun da ke jikin gwangwanin a tsanake mun ga ya yi daidai. Magungunan liƙe yoyon nan iri biyu ne. Akwai wanda aikinsa kawai ya tausasa zobban robar da ke mahaɗar bututu su ɗan kumbura su kama. Akwai kuma irin wanda muka saya, wanda yake zama ruwa muddin bai haɗu da danshi ba. Dabarar ita ce, idan ya biyo gas ya fito ta 'yar hudar da ke yoyo, sai ya gamu da danshin iskar waje ya daskare a nan ya toshe ta. Dabara ce mai kyau idan cikin bututun a bushe yake. Namu kuwa ba a bushe yake ba. Sau uku gas na ƙarewa iska na shiga, sau uku ana ɗura sabo a kai ba tare da an sa injin zuƙe iska ba. Diraya ta sha danshi har ta ƙoshi, shi kansa man kwamfiresa irin mai jan danshi ne. Maganin bai san ciki da waje ba, inda ya tarar da danshi nan yake daskarewa. A hankali ya taru a wurare mafi ƙunci, wato bawul da siraran hanyoyin kondensa.

Da hanya ta toshe, gas ya daina dawo wa kwamfiresa da mai, ta ci gaba da juyawa a bushe. Akwai wani ɗan makunni da masu ƙera mota suka sa domin ya kashe ta idan matsin gas ya yi ƙasa ko ya yi sama fiye da kima. Baba ya nuna mana shi: an haɗe wayoyinsa biyu da guntun waya. Ɗaya daga cikin masu ƙara mana gas ne ya yi haka don kwamfiresa ta riƙa tashi ko da gas ya ragu, mai mota ya ji sanyi ya biya ya tafi. Wannan ɗabi'a ta yi yawa, kuma muna roƙon duk mai mota a cikinmu ya sa a duba masa.

Ita kuwa ainihin hudar, tana ƙarƙashin mota, a jikin dogon bututun alminiyon da ke kai gas baya. Robar da ke tsakaninsa da ƙarfen da ya riƙe shi ta zube, ƙarfe ya yi ta cin bututu a kan hanyoyinmu har ya huda shi. Aikin walda ne na rabin yini. A maimakonsa sai da muka sayi kwamfiresa, da kondensa domin irin ta yanzu ba ta wankuwa idan ta toshe, da diraya, da bawul biyu, aka kuma wanke duk bututun saboda garin ƙarfen da kwamfiresar ta watsa a ciki. Direba ya yi sawu biyu zuwa Farin Gada a Jos neman kaya. Garin neman gira muka rasa ido, ba wata kalma da ta fi wannan.

Amma a yi wa gwangwani adalci. Bayan zaman nan wani ɗan uwa ya tare mu ya ce shi ya ɗura wa tsohuwar motarsa, ga shi shekara ta zagayo tana sanyi. Ba mu ƙaryata shi ba. Yoyonsa ƙarami ne, irin wanda gas ke ɗaukar watanni kafin ya ragu, a cikin akwatin bayan dashbod, kuma kuɗin kwance dashbod ɗin ya kusa kai abin da zai kashe wa motar a shekara. Mai gyaransa ya zuƙe iska tukuna ya canja diraya kafin ya ɗura. A irin wannan hali, mutum da motarsa da kuɗinsa, in ya yi kasada ta biya shi, madalla. Abin da maganin ba ya yi shi ne liƙe tsagewa, ko tiyon da ya fashe, ko sil ɗin bakin kwamfiresa inda ƙarfe ke juyawa kullum, ko hudar da har yanzu wani ƙarfe ke gogarta kamar tamu. Kuma kasadar da mutum zai yi da motarsa daban take da wadda zai yi da motar da ke ɗaukar iyayen mutane daga asibiti.

Tunda muna kan maganar, ga wani abu da ya fi toshewar bawul haɗari. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da ke faɗin irin gas ɗin motar da nauyinsa a giram. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 yawanci R134a suke sha, bayan an daina R12 saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan kare sararin samaniya. Sababbin motocin Turai daga 2017 kuma R1234yf ne, kuma sun fara shigowa. Kada a yarda a ɗura na esin ɗaki, R22, ƙarfinsa ya fi na bututun mota. Kada a yarda da na firij, R600a, ɗan uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. Jabu ma akwai: a 2011 jabun R134a ya sa kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, ma'aikata suka mutu. Sannan wurin neman yoyo, naitirojin ake hurawa a bi da kumfar sabulu. In ka ga an jawo tulun oksijin na masu walda, ɗauke motarka, domin oksijin da mai in suka haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

Ranar da Baba ya gama, mun tsaya a kansa. Ya sa injin zuƙe iska ya yi fiye da rabin awa yana aiki, ya kashe, ya ce mu zauna mu kalli allurar geji. Muka zauna muna shan shayi, allura ba ta motsa ba. Sai a sannan ya ɗora tulun gas a kan sikeli ya ɗura daidai nauyin da ke rubuce a takardar. Duk ɗure-ɗuren da muka biya a baya ba mu taɓa ganin sikeli ba.

Abin da muka kawo wa kwamiti, kuma ya amince, shi ne daga yanzu ba za a ƙara wa motar gas sau biyu a jere ba sai an nemo inda yake fita, kuma duk abin da za a zuba a cikin injinta ko esinta sai mutum biyu sun sa hannu, komai ƙanƙantar kuɗinsa. Direba zai riƙe ƙaramin littafi a mota yana rubuta ranar kowane gyara da abin da aka yi. Mun kuma nemi a cire kuɗin gwangwanin daga aljihunmu a mayar asusu. Shugaba ya ce ba sai an yi haka ba, muka ce a bari a yi, ma'aji ya ba mu rasit.

Akwai sauran bashin Baba da za a biya a ƙarshen watan nan, don haka muna tunatar da waɗanda ba su kawo na wata biyu ba. Bawul ɗin da ya toshe yana nan a durowar ofis tare da gwangwanin, za mu zo da su zama na gaba domin dattijon da ya yi tambaya ya gani da idonsa.