Na auna Nijar da mudun Gambiya

Da sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ina cikin masu cewa a tura dakaru Yamai. Wa'adin mako ɗaya da ECOWAS ta ba Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ya yi mini daidai, har na riƙa kare shi da zafi a majalisarmu ta Gusau. Hujjata Gambiya ce. A Janairun 2017 dakarun ƙungiyar sun shiga ta Senegal, cikin 'yan kwanaki Yahya Jammeh, wanda ya ƙi sauka daga mulki, ya hau jirgi ya bar ƙasar.

Na yi kuskure, kuma wani dattijo daga Bunguɗu ne ya fara nuna mini shi. 'Yarsa tana aure a Maraɗi. Ya ce, "Ɗana, in jirgin yaƙi ya tashi, ta ina zai bi? Jikokina zai tsallake?" Ban sami amsa ba. Ni da na girma ina jin ana cewa Sarkin Katsinan Gusau, na kuma san akwai Sarkin Katsinan Maraɗi, sai ga shi ina zancen Nijar kamar ƙasar da ban taɓa cin tuwonta ba. Na manta da dubban mutanenmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, jihar Maraɗi ta ba su masauki.

Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, Majalisar Dattawan Najeriya ma ta ƙi amincewa da yaƙin. Amma an rufe iyaka, an yanke wa Nijar wutar lantarki. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela, kaya na ruɓewa, fataken dabbobi daga Tsafe zuwa Shinkafi suka ji a jikinsu. Bazoum kuwa bai koma kujerarsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarakar da barazanar ta haifar. A Satumban 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES. Sojojin Faransa suka fice a Disamba, na Amurka suka bi su a 2024, na Rasha suka shigo. An janye takunkumi a Fabrairun 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe: ranar 29 ga Janairun 2025 ƙasashen uku suka bar ECOWAS, alhali dajin da 'yan bindiga ke ratsawa tsakanin Zurmi da Maraɗi sai da haɗin kan sojojin Najeriya da Nijar ake iya tsare shi.