Wurno, Tsakanin Tudu da Fadama

Duk wanda ya doshi Wurno daga Sakkwato a ƙarshen rani, albasa ce ke fara yi masa maraba: buhuna jere a bakin hanya, ga tafarnuwa an baza tana shan iska. Garin yana arewa maso gabas da Sakkwato, a kan tudu, fadamar gulbin Rima na shimfiɗe a ƙarƙashinsa. In ka tsaya a gefen tudun da hantsi za ka hango shinkafa kore shar, alhali ƙasar da kake takawa busasshiya ce, sai tsakuwa.

Ba don kyan kallo aka zaɓi wurin ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya mai da Wurno ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, saboda hare-haren Gobirawa da Azbinawa daga arewa. Daga tudu ana hango ƙurar dawaki tun da nisa, fadama kuwa ta ciyar da mayaƙa da dabbobinsu. Nan Bello ya tare, nan ya rasu a 1837, hubbarensa kuma na nan ana ziyarta. Ɗansa Aliyu Babba ma ya zauna a garin, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853. Hakimin garin har gobe Sarkin Sudan ake ce masa, sarautar da marigayi Alhaji Shehu Malami ya daɗe yana riƙe da ita.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, a tsarin Bello ribaɗi ba na masu takobi kaɗai ba ne. Ya so makiyaya su zauna wuri ɗaya, a gina masallaci, a kawo masu sana'a, a karantar da yara. Ke nan da gari da makaranta tare aka haife su. Shi ya sa da asuba, tun kafin a buɗe ƙofar firamare, zaurukan malamai sun riga sun cika da muryoyin masu biya allo.

Yaron Wurno makarantu uku yake yi. Ta allo da sassafe, boko da hantsi, sai ta uku wadda ba ta da rajista: fadama. A can yake koyon dashe, da jan ruwa daga fangali zuwa fangali, da gane albasar da ta ƙosa idan ganyenta ya kwanta. Malamin allo ya san da wannan, yakan sassauta idan aiki ya taso. Jadawalin boko kuwa a birni aka tsara shi, babu ruwansa da ranar da tsuntsaye suka sauka a gonar shinkafa. Sai ka ji malamin aji ya tari uban yaro a hanya:

"Baba, kwana biyu ban ga ɗan naka ba."

"Malam, a yi haƙuri, yana wajen korar tsuntsu. Da an yanke zai dawo."

Ni dai ban ga laifin ko ɗayansu ba. Kuɗin littafi da na riga daga wannan shinkafar za su fito, in kuma tsuntsun jan-baki ya cinye ta, karatun ma ya tsaya. Laifin na kalandar ne, da ta ɗauka hutun ɗan Legas da na ɗan bakin Rima lokacinsu ɗaya.

Gulbin ma yana da nasa hukuncin. Madatsar ruwa ta Goronyo tana can sama da garin, kuma a ambaliyar 2010 ƙauyukan kwarin Rima da yawa sun rasa gidaje da gonaki. A irin wannan shekara azuzuwa ne ke zama masaukin waɗanda ruwa ya kora, a tura bencina gefe, a shimfiɗa tabarmi, karatu ya jira sai ruwa ya janye.