Abin da Fenti Ya Rufe

Akwai wani kafinta a Argungu wanda ke da wata al'ada. Duk garin da ya sauka, kafin ya tambayi inda ake sayar da abinci, sai ya nemi inda ake aikin katako. Abokansa suna yi masa ba'a, suna cewa ya baro aiki a gida ya tafi gai da aiki a waje. Shi kuwa yakan ce tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma hannun kowane gari da irin nasa sassaƙa.

Yana da hanyarsa ta nema. Yakan fara da mai sayar da ƙusa da fenti a kasuwa, gama shi ya san kowane kafinta, ya san gwani, ya san mai ha'inci. In bai same shi ba, sai ya tambayi mai shayi. In ƙauye ne, sai ya tashi da sassafe ya kasa kunne, domin ƙarar zarto da gizago ba ta ɓuya. In ya isa, yakan yi sallama, ya miƙa goro, ya zauna gefe. Ba ya taɓa kayan aikin wani sai an ba shi.

A bazarar 2024 aka aiko masa cewa ƙanwar mahaifiyarsa ta rasu a Tumbutu, cikin gundumar Malanbil a arewacin ƙasar Benin, inda ta yi aure tun yana yaro. Ya shirya ya tafi gaisuwa, amma da wani nauyi a zuciyarsa. Ya gama gado da kabad na 'yar maƙwabcinsa, wadda za a kai ɗaki bayan wata guda. Uban yarinyar manomi ne, sai da ya sayar da raguna biyu ya biya. A katakon gefen gadon kuwa akwai tsaga. Kafinta ya gan ta, ya cika ta da garin katako da gam, ya goge, ya shafa fenti. Ba wanda ya sani sai shi.

Ya bi ta Kamba ya isa Gaya. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a rufe take a lokacin, tun bayan juyin mulkin Nijar na 2023, saboda haka jama'a a jirgin katako suke ƙetare Kwara. Aka loda buhuna da babura, mata da goyo suka zauna a tsakiya. Da jirgin ya kai tsakiyar ruwa, kowa yana duban gaɓa, shi kuwa yana duban ƙarƙashin ƙafarsa, inda katako ya haɗu da katako. Ya ga rayukansu duka a kan aikin wani mutum suke, wanda ko sunansa ba su sani ba.

A Malanbil ya zaga babbar kasuwa, wadda ke tara Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Yarabawa. Ya ga katakon tik da ake kawowa daga kudu. Ya tambayi madobiya, aka ce ta yi wuya. Bai yi mamaki ba, gama an sare ta da yawa a Afirka ta Yamma ana kai wa ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini.

Bayan kwana uku na zaman makoki a Tumbutu, da asuba sai ya ji gizago. Ya bi ƙarar har gindin wani maɗaci, ya tarar da wani tsoho da 'ya'yansa biyu suna haɗa jirgi. Suka gaisa da Hausa. Ya zauna yana kallo yadda suke daidaita bakin katako da bakin ɗan'uwansa, su buga ƙusa su lanƙwasa kanta, su cusa tsumma a tsakani, sa'an nan su bi da kwalta.

Can sai ƙaramin ɗan ya kawo wani katako mai faɗi, mai kyau. Tsohon ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar gizago, ya saurara, ya juya shi, ya bi shi da babban yatsa. Ya ture shi gefe. Kafinta ya matso ya duba, sai ya ga tsaga siririya kamar zare.

Ya ce, “Baba, ai wannan in an cika ta aka bi da kwalta, ba mai gani.”

Tsohon bai ɗaga kai ba. Ya ce, “Ruwa zai gani, ɗana.”

Suka yi shiru. Bayan an jima tsohon ya tambaye shi sana'arsa. Ya ce gado da kujera da kabad yake yi.

Tsohon ya ce, “To, aikinka ya fi nawa wuya. Ni ina da mai duba mini. Ranar da na tura jirgi, ranar kogi zai faɗa wa gari abin da na yi. Kai kuwa sai bayan shekara biyu, an riga an ci kuɗi an manta. Ba ka da mai tsaro sai kanka.”

Kafinta bai sami amsa ba. Ya roƙa a bar shi ya kama musu, ya yini yana riƙe katako kamar sabon almajiri. Wancan mai tsaga kuwa, kafin la'asar yaran sun mai da shi benci, inda tsagarsa ba za ta cuci kowa ba.

Da ya koma Argungu, bai shiga gida ba sai da ya biya wurin maƙwabcinsa. Ya ce, “Yaya, akwai aibi a gadon nan, na gani na rufe. Ka ba ni kwana huɗu.” Ran mutumin ya ɓaci, ya ce ashe haka ake yi da shi alhali ƙofa na kallon ƙofa. Kafinta ya sunkuyar da kai, bai kāre kansa ba. Ya kwance gadon, ya sayi sabon katako da kuɗinsa, ribar aikin duka ta tafi a nan. Makonni suka wuce kafin gaisuwarsu ta koma yadda take.

Tsohon katakon yana nan jingine a bakin rumfarsa, ya kankare fentin wurin tsagar. In sabon yaro ya zo koyon aiki, kafin a ba shi zarto, sai a miƙa masa guduma, a ce ya ƙwanƙwasa ya saurara.