Godiyar da ke ɓoye cikin kiɗan kantiri



Mu da muke gabatar da shiri a gidan radiyo muna da waƙoƙin da muke toshe giɓi da su in baƙo ya makara ko layin tarho ya yanke. Galibi muryar Jim Reeves ce ko ta Don Williams, irin kiɗan kantiri na Amurka da iyayenmu suka saurara a kasat. Da yake lakwal ɗin Faransanci muka yi, Ingilishinmu na koleji ne, awa kaɗan a sati, shi ya sa a nan duk waƙar da ke tafiya sannu da gita ake ce mata ta soyayya. Alhali da yawansu ba da mace suke magana ba, da Allah suke.

Jim Reeves ya fitar da faifan We Thank Thee a 1962, shekara biyu kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da birnin Nashbil. Waƙar da ke ɗauke da sunan faifan lissafi ce kawai: hasken rana, iskar shaƙa, koguna, gonaki. Babu mota, babu gida, babu muƙami. Manomin da ya ga gero ya yi kai a watan Satumba zai gane ta ko ba a fassara masa ba.

Amma wadda ta fi kama mu ita ce ta Don Williams ta 1981, Lord, I Hope This Day Is Good. Mai waƙar ya san wajibi ne ya gode, sai dai yau abin ya yi masa nauyi, yana ji kamar an manta da shi. Bai ɓoye ba. Bai roƙi dukiya ko suna ba, yinin nan ɗaya kawai yake fatan ya yi kyau. Mu kam a gaisuwa ba mu da wannan ƙofa. Ka tambayi wanda ruwa ya rushe wa ɗaki yaya aka ji da haƙuri, “sai godiya” zai ce, kuma da gaske yake, sai dai abin da ke ƙarƙashin maganar ba ya fitowa. Waƙar nan ta fito da shi fili, ba tare da ta saki godiyar ba.

Akwai kuma wadda take sa mu jinjina kai. Amazing Grace, wadda Aretha Franklin ta sa wa faifanta na gosfel suna a 1972, wani Bature ɗan Ingila ne, John Newton, ya rubuta ta, aka buga a 1779. Mutumin nan ya tsira daga guguwar teku a 1748, ya ce Allah ne ya cece shi, amma bayan haka ya ci gaba da jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma har 1754, yana kaftin ɗin jirgi. Sai da ya tsufa ya fito fili ya yaƙi cinikin. To ka ji, godiyarsa ta riga adalcinsa da shekaru masu yawa. Kuma jikokin waɗanda aka kwasa ɗin ne suka ɗauki waƙar suka mai da ita tasu a coci-cocin baƙar fatar Amurka. Wannan wallahi har yanzu yana ba mu mamaki.

Inda gizo ke saƙa shi ne sa su a iska. Mafi yawan masu sauraronmu Musulmi ne, akwai kuma Kiristocin da ke rera nasu da Hausa kowace Lahadi a Maraɗi da Galmi da Damagaram. Tun abin da ya faru a Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, duk mai riƙe da makurofo ya san kalma ɗaya tana da nauyi. Wasu abokan aiki sun zaɓi su sa waƙar su yi shiru, tunda ba kowa ke jin Ingilishi ba. Mu ba mu ga daidai a nan ba, don yaudarar mai sauraro ce. Wadda ta shiga zancen aƙida kai tsaye muna barin ta ga shirin Kiristoci na Lahadi. Sauran kuwa, kafin mu sa, muna faɗin wanda ya yi ta, da addininsa, da abin da take cewa da Hausa. Wani yakan kira ya ce a cire, wani ya ce a maimaita masa ita gobe da safe kafin ya tafi kasuwa.