Hanyar Kaduna da tsofaffin rile

Bayan sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina injiniyan lantarki, da akwatin gwajinsa a bayan mota. Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe gari. Da muka zo gefen Kumbotso sai ya nuna mini manyan turakun ƙarfe da suka miƙa kudu, ya ce kusan duk wutar da Kano ke sha ta wannan layi mai kilovolt 330 take zuwa daga Mando a Kaduna, ita kuma Mando ta dogara da Shiroro, madatsar ruwan da ta fara aiki a 1990 da megawat 600. Mun wuce Kura, mun sha shayi a Kwanar Ɗangora, hantsi ya yi mana a ƙofar wata tsohuwar tasha da aka gina tun zamanin NEPA.

Na ɗauka taransifoma za mu duba, ga su nan a fili suna ta gunji. Sai muka wuce su muka shiga wani ɗaki mai jerin allunan ƙarfe. A jikin kowane allo akwai ƙananan akwatuna masu fuskar gilashi, waɗanda ma'aikata ke kira rile. Aikinsa irin na maigadi ne: in waya ta tsinke ko tsawa ta faɗa wa layi, shi zai fara ji, ya umarci bireka ta yanke wutar kafin wani abu ya ƙone. A manyan layuka ana so a gama wannan cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa.

Na leƙa ɗaya daga cikinsu. Akwai wani faifan alminiyam kamar murfin gwangwani, da siririn sifirin a naɗe. In wuta ta wuce kima sai faifan ya juya har ya taɓa wani ɗan ƙarfe. Abokina ya zare shi daga aiki, ya jona akwatin gwaji, ya tura masa wuta. Faifan ya yi ɗan jim kafin ya motsa, sannan ya tafi a hankali, ya isa a makare.

"Baba, yaushe rabon da a buɗe wannan?" ya tambayi dattijon da ke kula da ɗakin.

"Injiniya, buɗewa ai muna buɗewa. Kayan gyaran ne babu. Masu yin sa sun daina tuntuni. In ɗaya ya mutu, sai mu kwance wani mu gyara wani."

Matsalar makarar rile ita ce laifin ƙaramin layi sai ya haura sama. In na kusa bai yanke ba, na tashar gaba zai yanke, sai garuruwa su shiga duhu saboda abin da ya kamata ya tsaya a unguwa ɗaya. Haka ƙaramin laifi ke yaɗuwa: a ranar 19 ga Oktoban 2024 wata ƙaramar taransifomar auna wuta ta fashe a tashar Jebba, tashoshin samar da wuta suka bi juna suna faɗuwa. Daga ɗakin rile muka shiga ɗakin batir, domin rile da bireka da wutar batir mai volt 110 suke aiki. In batir ya mutu, sabon rile ma ado ne.

A hanyar Zariya na tambayi abokina me ya hana a sauya tsofaffin rile gaba ɗaya. Ya ce kuɗi, amma ba rashinsu kaɗai ba. Sabuwar taransifoma ana ganinta, a kira manya su yanke kyalle. Shi kuwa rile, in yana aiki daidai babu abin da zai faru, to ta yaya za ka nemi kasafi da labarin abin da bai faru ba? Shi ya sa ya daina rubuta wa shugabanninsa cewa kaya sun tsufa. Yanzu sakamakon gwaji yake kai musu, ya ajiye kuɗin rile kusa da kuɗin taransifomar da yake karewa, da watannin da za a yi ana jiran wata daga waje in ta ƙone. Kuma ba mafi tsufa yake sawa a gaba ba, sai wanda ke kan layin da jama'a suka fi rataya a kai, ba su da wata hanyar samun wuta. A ganina nan ya fi gaskiya, ko da yake irin wannan layin ne ya fi wuyar kashewa don a yi aiki: sai an nemi izinin cibiyar kula da wuta ta Osogbo, an zaɓi lokacin da buƙata ta ragu.

Sabon rile na zamani kwamfuta ce ƙarama. Yana duba lafiyar kansa, yana adana bayanin duk abin da ya faru a kan layi. Sai dai na faifai yakan kai shekara 40, na zamani kuwa daga 15 zuwa 20 ake lissafa masa, kuma zafi na cin sa in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Don haka a takardar da ya ƙarasa a masaukinmu na Kaduna bayan la'asar, ya haɗa da kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, da horar da su Baba, da shekarar da za a sake sauya waɗanda ba a ma saya ba tukuna.