Allura ta sauka, ruwa bai zuba ba

Shekara uku muka yi muna tara kuɗi jika-jika daga hannun iyayen yara kafin bana a ja mana tiyo daga shaton gari zuwa cikin lakwal. Garin yana tsakanin Maraɗi da Tasawa. Kafin a rufe ramin, mai aikin, wani dattijo marar yawan magana, ya ce sai ya gwada. Ya toshe bakin tiyon, ya cika shi da ruwa, ya ɗaura ɗan pompon hannu mai agogon awon matsi, ya yi ta bugawa har allura ta kai bar 6. Bar ɗaya kamar nauyin ruwa ne mai tsayin mita 10, wato ya ɗora wa tiyon abin da ya fi ƙarfin shatonmu nesa ba kusa ba.

Washegari da safe allura ta sauko ƙasa da 5. Ni ke riƙe da littafin kuɗin COGES, kuma na san matan da suka sayar da kaji don su ba da nasu kason. A gaban iyaye na ce tiyo na yoyo, ba za a biya sauran kuɗi ba. Muka bi ramin gaɓa-gaɓa. Ko danshi babu.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, iska ce. Tun jiya na ji ta a hannuna." In tiyo ya cika da ruwa zalla, bugu kaɗan allura ke tashi, don ruwa ba ya matsuwa. Shi kuwa ya daɗe yana bugawa, alamar akwai iska da ta maƙale a wurin da tiyon ya hau tudu.

Abin da ya ba ni kunya shi ne na san wannan darasi. A makarantar horon malamai an koya mana, ni ma duk shekara ina sa ƴan CM2 su haddace cewa akwai iska narke cikin ruwa, da ita kifi ke numfashi. A matsin da muke rayuwa cikinsa, lita ɗaya ta ruwa tana riƙe iska wajen mililita 20. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry, ya nuna tun 1803 cewa gwargwadon ƙaruwar matsi, gwargwadon iskar da ruwa ke iya sha. A bar 6 na agogo, in an haɗa da matsin sararin sama, ninki bakwai ke nan. Iskar da ta maƙale ta takure ta koma kashi ɗaya cikin bakwai na girmanta, sannan ruwa ya yi ta shanye ta sannu a hankali cikin dare. Duk abin da ya narke ya bar gurbi, allura ta sauka, ɗigo ɗaya bai fita ba. Sanyin asuba da ɗan miƙewar da tiyon roba ke yi su ma sun sa hannu.

Amma kada wani ya ɗauka iska a tiyo ƙaramin abu ce. Tana iya yin akasin haka: in akwai yoyo na gaske, sai ta riƙa buɗewa tana cike gurbin ruwan da ya fita, allura ta yi jinkirin sauka, a rufe rami a kan ɓarna. Ga haɗari kuma, don matsattsiyar iska na iya cilla murfi kamar harsashi. Shi ya sa ya kore yara daga bakin ramin.

Ya buɗe wurin tudun, iska ta fito tana huci, ruwa fari kamar nono ya biyo baya. Ya sake cikawa daga gangare, sannu-sannu, ya bar shi ya kwana, ya buga zuwa 6. Muka zauna awa biyu ƙarƙashin bedi, allura da ƙyar ta motsa.

Na biya shi a gaban mutanen da na zarge shi a gabansu, na ce, "Baba, a yi mini gafara." Ya ce ba komai, shi ma da ya fitar da iskar tun farko.

Na tari farin ruwan nan a kofin gilashi na kai aji. Muna kallo ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama. Wata yarinya a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce ƙananan kumfa ne ke hawa.