Bagega, garin da ke koyon zama da ƙurar dalma

Mai shiga Bagega daga Anka, a jihar Zamfara, ƙarar injinan niƙa yake fara ji kafin ya gama ƙare wa garin kallo. Duwatsu suke ci, waɗanda samari ke haƙowa daga ramuka a daji don neman zinare. Dutsen wannan yanki kuwa tare yake zuwa da dalma, kuma ƙurarsa ba ta da wari balle ta yi wa mutum kashedi.

A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke sa yara jijjiga da suma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara kimanin 400 suka rasu. A lokacin cikin gida ake aikin: maigida ya kawo buhun dutse, mata su daka a turmin da ake surfe, a shanya garin a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baka. Bagega sai da ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ba a fara ba yara maganin fitar da guba ba sai da aka gyara gidajensu, domin yaron da ya koma cikin ƙurar, maganin bai tsinana masa komai ba.

Ni abin da ya fi riƙe ni a garin shi ne horon da ya biyo baya, wanda ba ya buƙatar allo ko takarda. Kada dutse ya ƙetare zaure. A yi niƙa a bayan gari, ana yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Na tsaya kusa da wani matashi da ya tashi daga aiki, gira da gashin baki sun yi fari fat. Ya tuɓe rigar aikin ya rataye a nan wurin, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sannan ya karɓi kwanon abinci. Rigar nan, da ya shiga da ita gida ɗansa ya rugo ya rungume shi, ta isa ta mayar da aikin kankare ƙasa baya.

Kuma an auna amfanin abin. A jihar Neja, inda irin wannan masifa ta faɗa wa Shikira a 2015, ƙungiyar OK International da MSF sun sanya na'urar feshin ruwa a injinan niƙa, dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin ɗari.

Damuwata ita ce ɗorewa. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara a 2022, ga matsalar 'yan bindiga da ta sa zirga-zirgar ma'aikatan lafiya ta yi wuya. Kullum kuma baƙin mahaƙa na sauka, ba su ga jana'izar 2010 ba, ba wanda ya zaunar da su. Hanin haƙar ma'adinai da aka yi a 2019 bai cire yunwa daga cikin kowa ba, ɓoye aikin kawai ya sa aka riƙa yi, aikin ɓoye kuwa cikin gida yake komawa. Gara a ɗauki tsofaffin mahaƙan da suka samu horo a riƙa biyansu su koyar da sababbi, a samu mata masu shiga gida-gida, a kuma haƙa rijiyar burtsatse a kowane wurin niƙa.